Shanun Inna da Ƙwallayen Dabino

Shanun Inna ba a gabanmu suka girma ba. Mu 'yan birni ne, a Ƙofar Kwaya aka yanke mana cibiya, amma ita Inna daga ruga aka auro ta, kuma tana da shanunta na gado da ba su taɓa shigowa birni ba. Suna hannun ƙaninta, kawunmu, can yamma da gari. Abin da muka sani game da su bai wuce man shanu a kwalba idan an samu mai zuwa ba, sai kuma labari: jar nan ta haihu, mai farin goshi ta karye a ƙafa. Inna ta san kowacce da kamanninta da halinta, duk da ta yi shekaru ba ta sa su a ido ba.

Da ɓarayin daji suka matsa wa yankin, Kawu ya zo da kansa, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ya kasa cin abincin da aka kawo masa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Adda, ki amshi amanarki tun tana numfashi. Ni kaina tashi zan yi." Aka kai shanun kasuwa aka sayar. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Abin da ta ce kawai shi ne a sa mata kuɗin a wurin da ɓarawo ba zai iya kora su da sanda ba.

Mu biyu ne muka rayu cikin waɗanda ta haifa, ni da yayana. Yaya Alhaji ne, yana da shagon kayan gini a wajen Ƙofar Kaura, kuma tun muna yara bai saba a ce masa a'a ba. Ni kuwa malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata, na kuma daɗe ina ɗan yagar wani abu daga albashina ina sayen hannun jari ta waya. Yaya ya kawo shawarar fili, Inna ta ce ta ga rigimar fili ta raba gidaje da yawa. Sai ta juyo gare ni a gabansa ta ce, "Ke ce mai lissafi. Ki sa mani su inda kike sa naki." Yaya ya yi murmushi, irin murmushin da na san ba a ciki ya fito ba.

Da sunan Inna aka buɗe asusun a wurin dillali, da lambar wayarta. Duk abin da za a saya ko a sayar, sai an turo wasu lambobi na tabbatarwa zuwa 'yar ƙaramar wayarta mai maɓallai, wadda take ƙullewa a haɓar zane kamar goro. Ita ba ta karatun boko, don haka wanda ta miƙa wa wayar shi ne mai iko da shanun. Sharaɗi ɗaya ta kafa, kuma dukanmu muka yarda da shi: ba banki, ba kamfanin giya, ba inshora. Dukiyar da ta fito daga nono ba za ta shiga ruwa ba, in ji ta, tana nufin kuɗin ruwa. Da aka cire waɗannan, abin da ya rage mana kamfanoni talatin ne da 'yan kai, na siminti da sukari da fulawa da man ja da waya da makamantansu.

Yadda nake duba kasuwa daga aji na koyo shi. Duk malamin da ya taɓa haɗa sakamakon jarrabawa ya san matsakaicin maki maƙaryaci ne. Yara uku masu ƙwaƙwalwa za su iya ɗaga shi sama, shugabar makaranta ta yaba maka, alhali rabin ajin sun faɗi. Ni ban taɓa tambayar matsakaici ba, tambayata ita ce nawa suka ci. Haka babbar lambar kasuwa da ake karantawa a rediyo take, manyan kamfanoni kaɗan sun isa su ja ta sama. To a jikin hoton farashin kowane kamfani a waya akwai wani layi, matsakaicin farashinsa na kwana ɗari biyu da suka wuce, kullum yana matsawa gaba da kwana ɗaya. Kamfanin da farashinsa ke saman layinsa yana tsaye da ƙafafunsa, wanda ke ƙasa yana ciwo. Akwai kuma na kwana hamsin, wanda ya fi saurin nuna sauyi. Idan ka ƙirga nawa ne a sama, nawa ne a ƙasa, ka san ko kasuwar ce ke tafiya ko kuwa 'yan tsiraru ne ke rawa a gaba. Masu harkar suna kiran wannan faɗin kasuwa.

Manhajar da nake amfani da ita tana fitar da wannan ƙirga da kanta, amma na kasuwar gaba ɗaya, har da bankuna da giya da inshorar da ba za mu taɓa ba. Namu sai na ƙirga da hannu. Ranar Juma'a, da yake ana tashi makaranta da wuri, nakan zauna bayan la'asar da 'yan kwanoni biyu na silba da ƙwallayen dabinon da na tara tun azumi. In buɗe kamfani, in duba layi, in yana sama in jefa ƙwallo a kwanon dama, in yana ƙasa in jefa a na hagu. Dalilin ƙwallayen ba wani abu ba ne, gidana gidan mutane ne. Wannan ta shigo aron turmi, waccan ta kira a waya, in na dawo na manta inda na tsaya. Ƙwallon dabino ba ya mantuwa.

A shekarar da kuɗin Inna suka shigo hannuna, kasuwa ta haukace. Rediyo na faɗa, majalisu na faɗa, mutumin da bara bai san mene ne hannun jari ba bana ya zama mai ba da fatawa. Ni kuwa duk Juma'a kwanon hagu ne ke cika, na dama ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba. Bankuna ne ke gudu da kasuwar. Namu na halal yawancinsu a kwance suke ƙarƙashin layi, 'yan kaɗan ɗin da ke sama ma suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ba zan zuba shanun Inna a wannan ajin ba sai ya fara ci.

Yaya ya zo gidana wata safiyar Asabar, wayarsa a hannu. A wani zauren hira na waya da yake ciki an koya musu irin ƙirgata, kuma ya zo ne ya kama ni da makamina.

"Malama, ba ke ce mai faɗin kasuwa ba? To ga shi nan. Yawancin kamfanoni na saman layin naki. Mi kike jira kuma?"

Na ce, "Yaya, cire bankunan ka sake dubawa."

"Kasuwa ai ɗaya ce."

"Kasuwa ɗaya ce, amma rumfar da za mu shiga daban take. Kana duba sakamakon aji shida kana son a ba 'yan aji uku kyauta."

Ya ce ni komai sai na mayar da shi makaranta. Sannan ya faɗi abin da ya fi ci mini rai, domin gaskiya ne. Ya ce kuɗin suna zaune suna narkewa, mudun da aka saya jiya ba shi ne na yau ba, kuma saniyar Inna da aka sayar kwanakin baya yanzu kuɗinta ba zai sayi maraƙi ba. Na san haka. Na fi shi sanin haka, ni da nake auna hatsi da albashi. Kullum da abin nake kwana nake tashi. Amma narkewa a hankali da faɗawa rijiya ba ɗaya ba ne, kuma na faɗa masa hakan ba tare da na sassauta murya ba. Ya tashi bai sha ruwan da na kawo masa ba.

Juma'ar da ta biyo baya matarsa ta shigo mini ba zato. Ta same ni a tabarma, waya a hannun hagu, bakina na motsi, ina jefa ƙwallo a kwano. Ta tsaya a bakin ƙofa, sallamar ma a rabi ta tsaya. Na ce ta shigo, na bayyana mata abin da nake yi. Ta ce, "Allah Sarki," ta gyara mayafi, ta ce dama wucewa take yi.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwa. Wai ina duba da dukiyar uwata. Wai ƙwallaye nake watsawa su gaya mini ranar sa'a. Wata ta ƙara gishiri ta ce an ga wuri irin na masu duba a cikin kwanon. Har makaranta abin ya bi ni. Wata abokiyar aikina ta ja ni gefe tana dariya ta ce in duba mata ko mijinta zai samu ƙarin girma. Na san wasa take yi, amma na yi mata kallon da bai bar ta ta ƙarasa dariyar ba. Ni da na sauke Alƙur'ani kafin a sa ni boko, ni da na shekara ina koya wa 'ya'yan mutane cewa biyu da biyu huɗu ne ko ana so ko ba a so, yau ni ce bokanya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Yaya ya kira zama a ɗakin Inna, ya gayyato limamin unguwa, dattijon da ya san mu tun muna wasan ƙasa. Na san ana sa ran in zo kai a sunkuye. Sai na zo da kwanonina a cikin jaka. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya da zafi, na shimfiɗa su a gaban Liman na ce, "Allah gafarta Malam, ga dubar nan, a gani da ido." Na buɗe waya na bi kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, ina nuna masa layi, ina jefa ƙwallo. Ƙarar faɗuwarsu a kwanon hagu kawai ake ji a ɗakin.

Liman ya gyara tabarau ya ce wannan ba duba ba ce. Ya ce mai duba gaibu yake da'awa, ni kuwa abin da ya riga ya faru nake ƙirgawa, kamar mai auna buhu. Na ji sanyi a raina, amma bai tsaya nan ba. Ya ce duk da haka ba a son dukiya ta zauna, kuma babba babba ne, zaman lafiyar gida ya fi riba. Ya yi addu'a ya shafa, ya bar mu da Inna.

Inna ta kalli kwanonin. Sannan ta kwance haɓar zanenta, ta ciro wayar, ta miƙa wa Yaya. Ta ce mini, "Ɗiyata, na ji abin da Malam ya ce. Amma bakin mutane ba shi jin fatawa. Sunanki ya fi mani shanu."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta karɓe amanar ne don ta kare ni. Yaya ya matso da wayarsa ya ce tunda na fi shi sanin manhajar, in danna masa. Na ce, "A'a, Yaya. Da hannunka. Ni ba zan sa yatsana a kan abin da ƙirgata ta ce kar a yi ba." Na tattara ƙwallayena ɗaya ɗaya, ban bar ko guda a tabarmar ba, na yi wa Inna sai da safe na fita.

Ya saya gaba ɗaya a rana guda, siminti da sukari da fulawa da sauransu, sannan ya mayar wa Inna wayarta ta ƙulle. Makonnin farko abin ya ɗan hau, ya riƙa turo mini hoton fuskar wayarsa, kore shar alamar riba, ba ko gaisuwa. Daga nan hotunan suka daina zuwa. Farashin bai faɗi da ƙara ba, zamewa ya riƙa yi kaɗan kaɗan, yau a ce kasuwa ce ke gyara zama, gobe a ce masu cin riba ne suka fita. Ni dai ban daina ƙirga ba, sai dai yanzu ina rufe ƙofa, abin da ke ba ni haushin kaina. Inna takan tambaye shi, "Ya shanun?" Ya ce, "Suna kiwo, Inna." Ban taɓa ce masa na faɗa maka ba, amma ba zan yi ƙarya ba, fuskata ta faɗa sau da yawa.

Aka ci damina aka shiga kaka, sai rediyo ta juya harshe. Bankunan da suka ja kasuwa sama su suka jawo ta ƙasa. Babbar lamba ta yi ja, faɗin kasuwar da manhaja ke nunawa ya tsuke, masu fatawar majalisa suka koma cewa dama caca ce. A daidai lokacin kwanonina suka fara wani abu daban. Namu da suka riga kowa faɗuwa sun gaji da faɗuwa. A layin kwana hamsin na fara gani, kwanon dama ya yi nauyi mako bayan mako. Sannan a na ɗari biyu ma aka fara hayewa, yau na fulawa, wani mako na man ja. Ba su koma inda Yaya ya saye su ba, da sauran tafiya mai nisa, amma yawancin ajin ya tashi tsaye.

Wata Juma'a ina gidan Inna ina yanke mata farce, sai ga Yaya. Ya rame, na ga haka kuma ban ji daɗi ba, ɗan'uwana ne. Gaisuwar ma a gajarce ya yi ta. Ya ce ya riga ya tura a sayar da komai a tsira da abin da ya rage, lambobin kawai yake jira. Bai rufe baki ba wayar ta yi ƙara a haɓar zanen Inna.

Na ajiye rezar na ce, "Ba za a sayar ba."

"Ke wa ya sa da ke? Ba ki ji rediyo ba? Kowa gudu yake."

"Masu bankuna ke gudu. Mu muna da banki? Kuskuren da ka yi wurin saye shi za ka sake yi wurin sayarwa. Wancan karon ka bi murnar da ba tamu ba, yanzu kuma za ka bi tsoron da ba namu ba."

Ya ce, "To rantse. Rantse za su tashi."

Na ce, "Ba na rantsuwa a kan gobe. Da ina rantsuwa a kan gobe, da matarka ta yi gaskiya. Ƙirgawa nake yi. Yau waɗanda ke sama sun fi na ƙasa yawa, kuma kullum ƙaruwa suke. Ranar da suka koma ƙasa ni zan fara cewa a fita."

Ya juya ga Inna ya miƙa hannu. Ta kwance haɓar zanen a hankali. Ta riƙe wayar a tafin hannu tana kallon hasken da ba ta iya karantawa. Ta ce, "Ran da kawunku ya zo, tsoro ya sa na sai da su. Ban yi kuka gabanku ba, amma na yi. Sau guda aka sai da mani shanu don tsoro. Ba za a ƙara ba." Sai ta sa wayar a cinyata.

Ta dube ni ta ce, "Za su ƙara cewa duba kike."

Na ce, "Su ce, Inna. Su zo ma in duba masu."

Yaya ya sa takalmi ya fita. Lambobin suka mutu a cikin wayar ba wanda ya karanta su. Tun daga ranar gaisuwarmu ta zama ta maƙwabta, lafiya lau, ya iyali, shi ke nan. Abin yana damuna, ba zan ɓoye ba. Nakan bi ta gaban shagonsa in ga kansa ya yi furfura, in ji kamar in shiga. Amma ban ba shi haƙuri ba, domin ban san laifin da zan ce na yi ba.

Ƙirgar kuwa na daina yin ta a ɓoye. Na kwaso kwanonin na kai gidan Inna, kuma a tsakar gida muke zama, ƙofar zaure a buɗe, duk mai shigowa ya gani. Har yau wasu kamfanonin ba su kai inda aka saye su ba, kuma ban san ko za su kai ba. Ni ke riƙe waya ina faɗin sama ko ƙasa, Inna ke jefa ƙwallon. Ba ta iya riƙe sunayen kamfanonin ba, don haka ta raba musu kamannin shanunta. Na fulawa ita ce jar nan mai yawan haihuwa. Na sukari ita ce baƙar da ba ta son a tatse ta.

Juma'ar da ta wuce muka zo kan na siminti, wanda Yaya ya fi zuba wa kuɗi, wanda kuma har yanzu yake ƙarƙashin layi. Na ce, "Ƙasa, Inna." Ba ta jefa ba. Ta juya ƙwallon a tsakanin yatsunta ta ce, "Wagga ita ce mai farin goshi, wadda ta karye a ƙafa. Kullum ita ke ƙarshen shigowa." Ta ajiye shi a kwanon hagu a hankali, yadda bai yi ƙara ba, sannan ta ɗaga kai ta kalli ƙofar zaure ta ce, "A bar mata ƙofa buɗe."